Tawadar Mazarƙwaila

Duk yaron da ya zo ya kafa min waya a gaban baki, tambayarsa biyu ce, kamar sun haɗa kai tun daga gida. Ta farko: Hajiya, ya aka yi 'yar ƙauye, 'yar gidan malamai, ta kama rubuta labaran jiragen da ke yawo tsakanin taurari da garuruwan da babu su a doron ƙasa? Ta biyu: me za ki fitar mana nan gaba? Ta farkon nakan ce karance-karance ne suka jawo, ta biyun in ce a dai saurara. Duka biyun kauce-kauce nake yi, kuma na gaji. Shekaru sun kama ni, ido ya fara yi min gardama, gara in faɗa da bakina tun ina iya riƙe alƙalami. Amsar tambayoyin nan ɗaya ce, kuma tana can a wani gida a ƙasar Gazara, shekara biyu ko uku bayan an ba mu mulkin kai.

Mu huɗu ne a gidan. Mahaifinmu, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke ce wa Malam, sai Inna, sai Yaya, sai ni. Tsakanina da Yaya an haifi uku, duk sun koma tun suna goye, shi ya sa ya ba ni shekara takwas cif, shi ya sa kuma ake ce min Auta. Malam yana karantarwa a zaure, da damina ya yi noman dawa kamar kowa. Mutum ne mai sauƙin kai a komai ban da abu ɗaya, wato harafi. A wurinsa baƙin Larabci amana ce. Ko guntun takarda ya gani a hanya mai ɗauke da harafi ɗaya, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya cusa a tsagar katanga, in sun taru ya ƙone ya binne tokar. Ni kaina ya koya min karatu da rubutu a kan allo, amma ran da ya kama ni na zana kaza da tawadarsa, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Inna 'yar Taba ce, can ƙasar Kudan. Karatunta bai wuce abin da za ta yi salla da shi ba, amma girmama rubutu ta fi Malam ma, don shi ya san abin da ke ciki, ita kuwa tsoronsa kawai take ji. Yaya ɗan farinta ne, saboda haka tana masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In ta gama tuwo sai ta ce, "Auta, kai wa yayanki," alhali yana zaune a gabanta. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Ina ƙarama na ɗauka ba ta sonsa ne. Wauta ce irin ta yaro, don ni ce nake ganin yadda take zaɓo tsoka ta tura ƙarƙashin malmalarsa.

Yaya ya yi shekara biyar yana karatu a wurin wani malami a Malikanchi, ya dawo da hannu mai kyau, har Malam yakan ba shi kwafin littafi. Da rani kuma yana aiki a fadama, wurin matsar rake. Doki ke juya injin, ruwan rake na zuba a garwa, a dafa shi a manyan kaskon ƙarfe har ya yi kauri, a zuba a kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Kullum zai dawo yana ƙamshin hayaƙi da zaƙi, ƙudan zuma na bin rigarsa har zaure.

Wata ranar kasuwar Makarfi ya kai kaya, ya dawo kamar an zuba masa garwashi a aljihu. A rumfar wani tela mai rediyo ya ji ana cewa Turawa sun saka mutum a cikin wani kwanon ƙarfe sun cilla shi sama, ya kewaye duniya ya dawo da ransa. Ya faɗa wa Malam bayan sun ci abinci. Malam ya wanke hannu, ya ce, "Sama ba filin wasan yara ba ce. Kawo min buta." Magana ta mutu a nan. Amma shi Yaya ba ta mutu a cikinsa ba. Washegari bayan la'asar ya ja ni bayan rumbu, ya ce, "Auta, in da za a ɗauke garin nan gaba ɗaya a tafi da shi sama, me za ki fara nema?"

Na ce, "Ruwa mana. A ina za a yi wanke-wanke?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Sarkin aiki. To shi ke nan, daga ruwa za mu fara."

Haka labarin ya samo asali. Gari ne kamar namu, da fadamarsa da rakensa da masallacinsa, amma ranarsu ta tsufa ta daina zafi, sai maƙeran garin suka ƙera wani faranti na ƙarfe mai faɗin gaske, suka tura shi ƙarƙashin ƙasar, suka ɗauke garin ɗungum, suka tafi neman wata rana. Tafiya ta yi tsawo har waɗanda suka ga tashin suka mutu, jikokinsu suka manta cewa tafiya ake yi. Rijiya ɗaya ce a garin, kuma kowace shekara sai an ƙara wa guga igiya. Akwai wata yarinya mai shegen tambaya, ba sai na faɗa muku wa ya kwaikwaya ba, ita ce kaɗai ta damu da inda ruwan yake tafiya.

Ba a baki kawai Yaya ya tsaya ba, rubutawa yake yi, da ajami, a kan takardun da ya samo a kasuwa. Ba ya taɓa tawadar Malam, don Malam ya san kurtunsa kamar yadda ya san yatsunsa. Tasa yake haɗawa. Ya kankaro baƙin gindin kasko, maimakon ƙaro kuma sai ya narka mazarƙwaila ya zuba, ita ce ke riƙe baƙin a jikin takarda. Tana sheƙi in ta bushe, amma kiyashi ba sa barinta. Aikina ke nan, kakkaɓe kiyashi daga kan labari. Wani lokacin in ba ya kallo nakan lashi bakin alƙalamin.

Mun san abin da muke yi laifi ne a gidanmu. A ɗauki haruffan da ake rubuta sunan Allah da su a zauna ana shara ƙarya, gari yana tashi sama kamar shirwa? Malam ba zai yi duka ba, abin da zai yi ya fi duka. Zai ƙone takardun, ya kuma daina ba Yaya kwafin littafi, wataƙila har abada. Don haka muka ɓoye su a ƙarƙashin rumbu, a cikin wata tsohuwar tukunya. Duk bayan kwana uku ko huɗu sai Yaya ya ƙara takarda ɗaya, ya karanta min bayan la'asar, yana canza murya, ni kuma ina katse shi da tambaya yana dungure min kai.

Ran nan ba ya gida, ɗoki ya hana ni zama. Na fito da takardun na baza su a ƙasa ina bi da yatsa, don a lokacin karatuna a hankali yake. Ban ji tafiyar kowa ba sai inuwa na gani a kan takarda. Inna ce, da tsintsiya a hannu.

"Mene ne wannan?"

Har yau ban san daga ina ƙaryar ta fito ba. A shirye ta zo, kamar dama tana jira a bakina. Na ce, "Addu'o'in Yaya ne, na tsari da na waraka. Malaminsa na Malikanchi ya ba shi. Ya ce sirri ne, kada a nuna wa kowa, ko Malam."

Marin da ta yi min sai da kunnena ya yi ƙara. Ba don ta gane ƙarya ba ce, a'a, don ta yarda. Ta ce, "Sunan Allah kika shimfiɗa a ƙasa inda kaji ke kashi? Ke wace irin yarinya ce?" Ta ajiye tsintsiya, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta tattara su ɗaya bayan ɗaya tana hure ƙasar. Ta naɗe su a wani farin ƙyalle, ta kai ɗakinta ta ɗora a kan ragaya, sama da ƙoren nononta. Ta ce in yayana yana bukata in zo in ɗaukar masa, in ya gama in mayar. Ba ta faɗa wa Malam ba. Na ga fuskarta lokacin da take ɗaure ƙyallen, alfahari ne zalla, ɗanta ya kai matsayin da ake ba shi sirri.

Da na faɗa wa Yaya sai ya ce, "Auta, wannan ƙaryar ta fi ƙarfinki." Amma bai je ya warware ta ba. Wurin ajiyar ya fi tukunya tsaro, kiyashi ma ba sa kaiwa. Muka ci gaba a haka wata biyu ko fiye, ni ce mai ɗaukowa, ni ce mai mayarwa, har takardun suka kai ashirin da wani abu.

A cikin labarin ruwa ya kusa ƙarewa. Yarinyar ta sa aka ɗaure ta da igiyar guga aka zura ta cikin rijiyar. Ta sauka, ta sauka, har hasken bakin rijiya ya koma kamar ƙwayar gero. A gindin ba ta tarar da laka ba, sai ƙofar ƙarfe, da mariƙi, ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashinta. Nan Yaya ya tsaya da karanta min.

Na ce, "Me ke bayan ƙofar?"

Ya ce, "Na rubuta, takarda uku ce ta ƙarshe. Amma ba zan karanta miki ba sai ran da aka kashe wutar kasko a fadama, ranar ba ni da gajiya, zan yi miki shi da daɗi. Ki yi min alkawari ba za ki leƙa ba."

Na yi alkawarin. Ni na ɗauki takardun nan uku da hannuna na kai ɗakin Inna, ban leƙa ba. Duk abin da na yi a rayuwata, babu riƙon amanar da na yi nadamarsa kamar wannan.

Saura kamar mako guda a gama matsar rake Yaya ya dawo da zazzaɓi. Aka ce rana ce da zafin kasko. Kwana uku idonsa ya koma rawaya, aka ce shawara ce. Aka jiƙa saiwoyi, aka dafa ganye, aka ɗora shi a kan jaki zuwa ɗakin shan magani a Makarfi, suka ba shi abin da suke da shi, suka ce in bai yi sauƙi ba a kai shi Zariya. Malam ya rubuta allo ya fi a ƙirga, a wanke a ba shi, yana sha yana amayarwa. Namiji mai ɗaukar damin rake shi kaɗai ya koma ba ya iya juyawa a kan tabarma sai an taimaka masa. Inna kuwa ko a wannan halin ba ta shiga ɗakinsa in da mutane. Tana tsayawa a bakin ƙofa ta ce, "Auta, ya mai jiki?" alhali tana ganinsa.

A kwana na goma sha biyu Malam ya yi asubanci zuwa Ikara neman motar da za ta yarda ta shigo har ƙauyenmu. Gidan ya rage mu uku. Da hantsi ina wanke-wanke Inna ta kira ni ɗakinta. Na tarar ta yi alwala, ta ajiye sabuwar ƙwarya da ruwa a buta.

Ta ce, "Sauko min da addu'o'in nan."

Na ɗaga kai na kalli ragayar. Na ce, "Inna, me za a yi da su?"

"Ba kin ce na waraka ne ba? Na mahaifinku bai karɓe shi ba. Wataƙila rabon yana cikin na malaminsa. Tun jiya nake tunani, magani yana rataye a kaina ɗana yana ƙarewa."

Ɗana ta ce. Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar.

Na hau turmi na sauko da ƙullin. Ga shi a hannuna, ga ta tana jira. Na san abin da ya kamata in ce. Kalma kaɗan ce: Inna, ƙarya na yi, tatsuniya ce. Amma in na faɗa, na ƙwace mata abu na ƙarshe da take riƙe da shi. In na faɗa, ta san ɗanta ya yi wasa da haruffa, kuma ba za ta iya ɓoye wa Malam wannan ba, a ce mutum yana kwance rai a hannun Allah mahaifinsa yana fushi da shi. Shekarata goma sha ɗaya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A bar uku na ƙasan nan mana, kar ya yi masa yawa."

Ta ce, "Addu'a tana yawa ne? Riƙe butar."

Ni na zuba ruwan. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ita tana tsoma takarda tana shafawa da yatsa tana bisimilla, ni ina zubawa. Tawadar Yaya ba ta da gardama, ruwa na taɓa ta take saki. Garin ya tafi, farantin ya tafi, maƙeran da rijiyar duk suka bi ruwa. Da ta zo kan ukun ƙarshe na karya alkawarina, na ƙura ido ina ƙoƙarin karantawa ta saman hannunta. Karatuna a hankali yake, hannunta kuma da sauri. A takarda ta farko na kama layi ɗaya kafin yatsanta ya wuce ta kansa: da ta tura ƙofar, sai ta cire takalminta. Sauran biyun ban kama ko harafi ba, don hawaye sun rufe min ido. Inna ta ɗauka don ciwon Yaya nake kuka, ta ce, "Yi haƙuri, in Allah ya so zai tashi."

Ta tace ruwan da ƙyallen, ta ɗauki ƙwaryar da kanta, ta shiga ɗakinsa. Ta durƙusa, ta sa hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗago kansa ta ɗora a cinyarta. Tunda nake ban taɓa ganin ta taɓa shi ba. Yaya ya buɗe ido ya gan ta, ya ga baƙin ruwa a ƙwarya, ya ga farin ƙyallen a jiƙe a hannuna. Bai bukaci a yi masa bayani ba.

Ya ce, "Auta, duka?"

Na ce, "Duka."

Ya rufe ido. Na ga kafaɗarsa tana motsi, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, har yau ban sani ba. Sannan ya buɗe baki, ta kafa masa ƙwaryar, ya sha, ya huta, ya ƙara sha. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Inna." Ita kuma ta amsa masa, shi, ba bango ba. Ta ce, "Amin. Allah ya tashi kafaɗarka."

Abin mamaki, wannan bai amayar ba. Ruwan zaƙi ne kawai, na sani yanzu, jikin da ya kwana biyu babu abinci ya samu abin riƙewa. Ya yi barci har azahar, ya farka ya nemi kunu. Inna ta fita tsakar gida tana ta hamdala. Malam ya dawo da yamma ya ce motar sai jibi, ya ga sauƙin, ya yi murna. Inna ba ta faɗa masa maganar takardun ba, ni ma haka.

Washegari da safe na samu muka keɓe. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Yaya, ka yafe min."

Ya ce, "Ke ma kin sha wuya. Kar ki faɗa mata, kin ji? Ko bayan raina."

Na ce, "To. Amma me ta gani? Me ya sa ta cire takalmi?"

Ya ɗan buɗe ido ya harare ni. "Au, kin leƙa ke nan."

"Layi ɗaya ne."

"Maras kunya. Bari in huta, numfashina ba zai kai ba yanzu. Bayan la'asar ki zo, kamar yadda muka saba."

Na fita na yi ta duba inuwar katanga ina jiran ta kai inda take kaiwa. Tsakanin azahar da la'asar jikin ya rikice. Malam yana kansa yana masa kalmar shahada, ni ina bakin ƙofa. Kafin a kira salla ya cika. Aka kai shi kafin magariba. Motar ta zo washegari kamar yadda direban ya yi alkawari, ya sauko ya yi gaisuwa ya koma.

Na yi fushi shekaru, ban san ma da wa nake yi ba. Inna ba ta yi laifi ba, abin da na faɗa mata ta yi aiki da shi. Yaya bai zaɓi ranarsa ba. Sai ya zama ni kaɗai ce ta rage, kuma na yi wa kaina hukunci mai tsanani. Bayan shekara guda wani ƙanen Malam ya ɗauke ni zuwa Zariya, ya sa ni makarantar boko, na zama malamar makaranta, na yi aure, na haifi nawa. Rubutu kuwa ban fara shi don sha'awa ba. Zama nake yi in ce bari in gwada ko zan gano abin da ke bayan ƙofar, sai in ɓuge da wani labarin daban. Haka littattafan suka taru. Wata ɗaliba da ta yi nazari a kansu ta taɓa ce min ta lura kowane littafi nawa yana da ƙofar da ba a buɗewa, wai ko alama ce ta halin da mata ke ciki. Na ce mata e, haka ne. Me zan ce mata?

Malam ya rasu bai san komai ba. Inna ta yi tsawon rai a gidan nan na Gazara, ta ƙi yarda ta dawo birni. Duk wanda ya zo gaishe ta da rashin lafiya sai ta ba shi labarin wata addu'a ta Malikanchi da ta ɗaga mai shawara ya sha kunu, ta ce da kwana bai ƙare ba da ya tashi. Ina zaune ina ji, in sunkuyar da kai.

A ciwonta na ƙarshe na je na yi jinyarta. Wata safiya ta kamo hannuna ta ce, "Auta, ke kin karanta addu'o'in yayanki. Rubuta min su in sha."

Ni da furfura a kaina, sai ga ni na koma 'yar shekara goma sha ɗaya a kan turmi. Wannan karon na ce ba zan ba ta ƙarya ta sha ba. Na ɗauko allon Malam, na aiko aka samo min tawada a wurin limamin unguwa, na yi alwala na rubuta ayoyin waraka na gaskiya, waɗanda Malam ya koya min. Na wanke na kawo mata. Ta kurɓa sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ba ita ba ce."

"Inna, ita ce."

"Ba ita ba ce. Ta yayanki tana da zaƙi."

Na ce, "Ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Ai bai shanye ba. Ragowar da ya bari ba zan zubar da sunan Allah a ƙasa ba. Na koma ɗaki na shanye."

Na fita bayan rumbu na zauna. Rumbun ba wancan ba ne, an sake shi sau nawa, amma wurin ɗaya ne. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki Yaya. Da na gama na wanke fuska, na shiga maƙwabta na roƙi guntun mazarƙwaila, na narka a cikin ƙwaryar, na koma na ɗago kanta na ɗora a cinyata. Ta sha, ta lumshe ido, ta ce, "Yauwa. Ita ce." Kwana huɗu ta ƙara. Ban faɗa mata ba, kamar yadda Yaya ya ce.

To, ga amsar tambaya ta biyu. Littafin da nake rubutawa yanzu shi ne wannan, labarin garin da aka ɗauke a kan faranti. Ba nawa ba ne, zan kuma faɗi haka a shafin farko. Ina rubuta shi da hannu, da ajami, sannan jikata ta juya min zuwa boko a kwamfuta. Abin da ya ba ni mamaki, takarda ashirin ɗin farko ban sha wahala ba, da muryarsa suke zuwa, har wuraren da nake katse shi. Masu buga littafin sun kira sun fi sau biyar, wai sun riga sun zana bangon littafin. Ina da ƙarshe har kala shida a cikin akwati, kowanne in na karanta sai in ji nawa ne, ba nasa ba. Wani lokacin in ce ruwa yarinyar ta tarar shi ya sa ta cire takalmin, wani lokacin in ce wani babba ta gani a zaune, wani lokacin in ce masallaci ne. Mutum biyu ne ƙarshen nan ya shiga cikinsu, duk na raka su da idona har ƙofar gida.

Na zura yarinyar cikin rijiyar, ta sauka, ta tura ƙofar, ta cire takalminta. Wata na huɗu ke nan tana tsaye a wurin ba takalmi, ni kuma kullum bayan la'asar sai in ɗauko alƙalami in zauna.